Hattara da masu sayar da gurbin aikin gwamnati, musamman kai da kake da aiki a hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan gargaɗi ne ga wanda yake da ɗan aikin da yake rufa wa kansa asiri da shi amma ya gaji, yana neman ya canza. Malamin makarantar kuɗi da albashinsa bai kai naira 70,000 ɗin da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba, yaron shago a kasuwar Kantin Kwari ta Kano da ya yi digiri ya ajiye takarda a akwati, ma'aikaciyar asibitin kuɗi da take kwana a tsaye, ma'aikacin ƙaramar hukuma da yake hangen aikin tarayya. Ku ne dillalan gurbin aiki suka fi nema. Wanda yake zaune ba aikin fari ba na baƙi ba shi da abin da za a tatsa. Kai kuwa kana da adashi, kana da babur ko ɗan fili, kuma akwai masu ba ka rance saboda sun san ƙarshen wata kana ɗaukar wani abu.

Ba baƙo ne yake kawo maganar ba, shi ya sa take shiga. Abokin karatu ne, ko surukin maƙwabci, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, kuma sau da yawa shi ma ya yarda da abin har zuciyarsa. Zai ja ka gefe ya ce akwai wani oga a Abuja da aka ba kujeru biyar, saura biyu. Ko ya ce maye gurbi ake yi a asirce: wani ya rasu, wani ya yi ritaya, wani ya tsallake Ingila, za a cusa sunanka a madadinsa. Wuraren da suke ambata masu maiƙo ne kullum, Kwastam, NNPC, Babban Banki, hukumar tara haraji. Ba za ka taɓa jin suna tallan aikin koyarwa a firamaren ƙauye ba.

Ba sa neman kuɗin gaba ɗaya. Za a ce miliyan 2 ne ko 3, amma ka kawo kafin alƙalami, sauran sai takarda ta fito, in kuma abin bai yiwu ba kuɗinka na nan. Wannan magana ta ƙarshe ita ce take kwantar wa mutane da hankali. Lambar asusun da za a turo ta mutum ce, ba ta hukuma ba, wani lokaci ma sunan da zai fito daban da na wanda kake magana da shi. In ka tambaya a ce na yaron oga ne, oga ba ya son sunansa ya fito.

Bayan 'yan makonni takardar ɗaukar aiki za ta iso ta WhatsApp, da tambarin Najeriya a sama, da lambar fayil, da matakin albashi, da sa hannu da hatimi. Irin wannan takarda duk mai shagon kwamfuta zai iya haɗa ta kafin a yi sallar la'asar. Waɗanda suka ƙware kuwa ba sa tsayawa nan. Za su kira ka Abuja, ka biya kuɗin mota da masauki, a tarye ka a harabar Sakatariyar Tarayya ko a bakin ƙofar wata ma'aikata. Wani mai kwat da katin shaida a wuya zai fito ya gaisa da kai a baranda, ya karɓi takardunka, ya ce yau darakta yana taro. Daga nan a kai ka wani ɗaki a otal ko wani shago a ɗauki hotonka da zanen yatsunka a kwamfuta, a ce an shigar da kai IPPIS, tsarin biyan albashin tarayya. Ku lura da kyau, shiga harabar ma'aikata ba shaidar komai ba ce. Masinja yana shiga, ɗan kwangila yana shiga, mai tallan kati ma yana shiga.

Akwai kuma dabarar da ta fi duka muni. Ƙarshen wata sai ka ji alat, an turo maka abin da aka kira albashin farko. Daga cikin kuɗinka ne aka gutsuro aka dawo maka da shi. Amfaninsa a wurinsu shi ne ka tafi gida ka nuna wa ƙaninka da abokin aikinka, su ma su kawo nasu. Ranar da abin ya fashe, ogan Abuja ya kashe waya, kai za a riƙe, domin ta hannunka kuɗin mutane suka bi.

Asarar kuɗi ana iya mayar da ita a hankali. Abin da ya fi ci min rai shi ne aikin da suke sa mutum ya ajiye. Da gangan suke matsa maka: an ce ka kama aiki ranar Litinin, ka rubuta takardar barin aiki, ba a yarda mutum ya ci albashi biyu ba. Na san wani malami a unguwarmu da ya shekara da shekaru yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi. Ya sayar da babur ɗinsa, matarsa ta ba da kuɗin adashinta, ya yi sallama da makarantar, ɗalibai har walima suka yi masa. Yana can yana jiran a tura shi jihar da zai yi aiki sai uzuri ya fara: an canza shugaban hukumar, an dakatar da ɗaukar ma'aikata, sai an sa hannu a kasafin kuɗi. Kafin ya gane cinikin biri a sama ya yi, makarantar ta ɗauki wani malamin. Yanzu darasin gida-gida yake bi a ƙafa, kuma har yau bai iya haɗa ido da surukansa ba.

Na san abin da wasu za su ce: ai ana sayar da aiki da gaske, mun ga waɗanda suka saya. Ba na musun haka, kuma wannan ɓarnar ce take ba 'yan damfara abin fakewa. A watan Agustan 2023 kwamitin Majalisar Wakilai da ya binciki cinikin guraben aiki ya saurari wani tsohon jami'in Hukumar Daidaito a Rabon Ayyukan Tarayya, wanda ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi miliyoyin naira daga hannun masu neman aiki. Amma ku duba ƙarshen masu sayen. A 2022 shugabar ma'aikatan tarayya ta lokacin, Folasade Yemi-Esan, ta bayyana cewa an gano sama da mutum 1,000 da takardun ɗaukar aiki na bogi a ma'aikata ɗaya kaɗai. Waɗannan har ofis sun shiga, sai tantancewa ta zo ta fitar da su. Wato ko dillalinka yana da hannu a ciki da gaske, abin da ka saya zai iya rushewa bayan ka haifi 'ya'ya a kansa.

Sannan mu ji tsoron Allah. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da cin hanci da mai karɓa. Gurbin da kake son saya, in ma akwai shi, haƙƙin wani ne da ya cika fom ya zauna jarrabawa. Dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta 2000 ita ma ta haramta bayarwa kamar yadda ta haramta karɓa. Dillalan sun san wannan sarai, da shi suke rufe bakin wanda suka cuta: in ka kai ƙara, kai ma ka shiga.

Ainihin ɗaukar aiki ba a ɓoye yake ba. Ƙa'idar Hukumar Daidaito ita ce a tallata guraben a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba masu nema mako shida, duk da cewa wasu ma'aikatu suna karɓar izinin tsallake tallan. Soja, 'yan sanda, Kwastam, da hukumar CDCFIB mai ɗaukar jami'an Sibil Difens, gidajen gyaran hali, kashe gobara da shige da fice, duk suna nanata cewa cike fom ɗinsu kyauta ne. Mun ga abin da karɓar kuɗin fom ya jawo ranar 15 ga Maris 2014, lokacin da aka karɓi naira 1,000 daga kowane mai neman aikin shige da fice, dubban ɗaruruwan mutane suka cika filayen wasa a kan guraben da ba su kai 5,000 ba, aka rasa rayuka a turmutsitsi. Shafin gwamnati yana ƙarewa da gov.ng, na soja da mil.ng. Mahaɗin da aka turo a rukunin WhatsApp yana neman BVN ɗinka da lambar sirrin da banki ya turo maka, asusunka ake hari.

In takarda ta riga ta zo hannunka, gwajin mai sauƙi ne. Ɗauke ta da ƙafarka, ba tare da wanda ya kawo ta ba, ka je sashen kula da ma'aikata na hukumar a lokacin aiki, ka ce a duba maka sunanka da lambar fayil. Dillali zai ce kada ka je, za ka ɓata lamarin, za ka tona wa oga asiri. Da zarar ka ji haka ka sami amsarka. In kamfani ne mai zaman kansa, duba rajistarsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka je ka ga ofishin da idonka. Kada ka bar wa kowa asalin satifiket ɗinka ko na NYSC, kwafi ya isa.

Masu tallan aikin waje ma gidansu ɗaya da waɗannan. Ingila ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje tun 22 ga Yuli 2025, amma har yanzu akwai masu karɓar miliyoyi da sunan wannan biza. Bizar Umara kuma ba ta aiki ba ce a Saudiyya, 'yan uwa mata ku kula. Ejan na gaskiya yana da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ku ce ya nuna.

Son canza aiki ba laifi ba ne, ni ma ina ba mutane shawarar su yi in wurin da suke ba ya ci gaba. Amma kana kan aikinka za ka fara. Kuɗin da za ka miƙa wa dillali, kashi ɗaya cikin goma nasa zai koya maka haɗa sola, ko gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, ko lissafin kuɗi da kwamfuta, da yamma ko ranar Asabar da Lahadi. Shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 ba a biyan kuɗin shigarsa. Nemi mutum biyu ko uku da suke cikin sana'ar da kake sha'awa, ka zauna da su, ka tambaye su nawa suka samu a shekararsu ta farko da abin da ya fi ba su wahala. Yawancin ayyukan kamfanoni da ƙungiyoyi ta bakin irin waɗannan mutane ake jin labarinsu, kuma ba sa karɓar ko sisi. Takardar barin aiki kuwa, sai ka ga teburinka a sabon wuri.

Wanda ya riga ya biya, kada kunya ta sa ka yi shiru, kuma kada ka ƙara ko kwabo da sunan cikon da zai sa takarda ta fito. Adana risit ɗin tura kuɗi, lambar asusun, saƙonnin murya da takardar da aka ba ka, kafin su goge nasu ɓangaren. Sanar da bankinka nan take, ka nemi shawarar lauya, sannan ka kai ƙorafi a rubuce ga EFCC, suna da ofis a Kano, Kaduna, Sakkwato, Gombe da Maiduguri. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar kuɗin mutane da yaudara. In kuma akwai waɗanda suka biya ta hannunka, kira su yau ka gaya musu gaskiya, ku tafi tare ku shigar da ƙorafin.