Gargaɗi ga mawaƙa da masu sono na Damagaram: an ci mini jika 135 a kan mikro na jabu

Assalamu alaikum jama'a. Kwana tara ke nan ina haɗiye maganar nan, yau ta ƙi haɗiyuwa. Jika 135 wani mutum ya karɓe mini a kan mikro marar waya. Jika 135 na sefa, a nan cikin garin Damagaram, da rana tsaka, kuma bai tsaya nan ba sai da ya sa na ji kunyar da ban taɓa ji ba a gidan biki a Zango.

Duk wanda ya san ni ya san shekara takwas ina waƙar biki, daga Birni zuwa Mirya har Matamaye. Ba jiya na fara riƙe mikro ba. Na faɗi haka ne saboda masu cewa araha ba ta ado, don na riga na ji ta daga bakin mutum uku. Wace araha? Jika 135 araha ce? Jika 90 na adashe ne da na yi wata tara ina zubi, jika 45 kuma Yaya ce ta ranta mini daga kuɗin ƙuli-ƙulinta. Ta ce, “Ƙanena, in dai sana'arka za ta gyaru, ɗauki.” Har yau ban iya duban idonta ba.

Abin da ya sa na nemi marar waya, duk mawaƙi ya sani. Mai waya yana ɗaure ka kusa da fiyano, mita goma ka ƙare, alhali uwar amarya da ƙawayenta suna can ƙarshen rumfa. Waƙa kuwa sai ka je gaban mutum ka kira sunan kakansa sannan hannu yake shiga jaka. Na daɗe ina mafarkin mikron kamfanin Shure marar waya, mai kan SM58, irin kan mikron da tun 1966 ake ƙera shi kuma har yau mawaƙan duniya ba su sake shi ba. Sai na ga tallar mutumin nan a wani zauren WhatsApp na masu sono. Hoto tsaf, kwali tsaf, an rubuta BLX24, sunan samfurin Shure marar waya. Ya ce guda uku ne ƙaninsa ya turo daga waje, saura ɗaya.

Ban tura kuɗi haka kawai ba, ku ji ni da kyau. Na ce sai na gani da idona, na riƙe da hannuna. Ya ce, “Malam, ai haka ya kamata, ni ma ba na son ciniki a duhu.” Muka haɗu ranar Alhamis, ranar kasuwa, a gefen kasuwar Dole, ƙofar wani butik da na ɗauka nasa ne. A'a, kafin nan ma, ranar Talata na riga na aika masa jika 40 na kafin alƙalami, don ya ce wani mai majalisi daga Magarya yana son ɗauka. Resin yana hannuna. To jika 40 ranar Talata, jika 95 ranar Alhamis hannu da hannu. Ku haɗa.

Ranar Alhamis ɗin nan ita ce ba ta barina barci. Dattijo ne fa, ba yaro ba, da furfura a gemu, da carbi. Ya fito da mikro daga jaka, ya haɗa akwatin karɓar sauti da wata ƙaramar lasifika mai caji, ya miƙo mini. Na yi “ɗaya, biyu”, na ja baiti guda. Wallahi muryata ta fita kamar a situdiyo. Ya ce, “Yi tafiyarka, Malam, je ka har wurin mai shayin can.” Na tafi, na ratsa mutane da masu kabu-kabu, na tsaya bayan wata mota ina magana, sauti bai yanke ko sau ɗaya ba. Na ƙwanƙwasa jikinsa, babu wannan ƙarar ta hannu. Na kusanto lasifika, bai yi kuka ba sai da na manna shi. Na gaske ne. Wanda na gwada na gaske ne, zan rantse a kan wannan ko'ina. Wane ne zai gwada abu haka ya ce bai yarda ba?

Sai aka kira la'asar.

Ya mayar da komai cikin jaka, ya ce, “Mu yi salla tukuna, kuɗi ba sa gudu.” Shi ya miƙo mini buta. Sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗata na gogar tasa. Da muka sallame ya shiga butik ɗin, ya fito da kwali a naɗe cikin leda, ya ce, “Wancan na gwaji ne, ya sha hannu. Ba zan ba ka abin da ya sha hannu ba, ga naka sabo fil.” Na ce, “Alhaji, a buɗe mana.” Na faɗa! Allah ne shaidata na faɗa. Ya yage ledar da kansa, ya ɗaga murfin, na ga mikro kwance cikin soso, baƙi, ragar kai tana ƙyalli, sunan Shure a jiki. Ya rufe. Ya ce cajin lasifikarsa ya ƙare, kuma yana sauri zai kai mara lafiya asibiti. Na ƙirga masa jika 95. Ya sake ƙirgawa a gabana, har ya mayar mini da dala ɗari ya ce in hau kabu-kabu. Mutumin da ya miƙo maka buta, ya ba ka kuɗin kabu-kabu. Ina ta juya wannan wurin a kaina: murfin nan da ya ɗaga ya rufe, daƙiƙa nawa ne? Da na sa hannu na ciro akwatin da ke ƙasan soso, da magana ta ƙare a nan.

Da na isa gida na ga akwatin yana da ƙaho biyu na ƙarfe, irin na rediyo da ake ja su yi tsawo. Wanda muka gwada ba shi da ƙaho. Ban yi shiru ba, a take na kira shi. Ya ɗauka, da fara'arsa, ya ce sabon samfuri ne, ƙahonnin ƙarin nisa ne. Na gwada a ɗaki, ya yi magana. Ɗakina taku huɗu ne.

Asabar da yamma, wunin biki a Zango. An cika rumfa, mai fiyano ya ɗauko kiɗa, na fito da sabon mikro har abokan aiki suna taya ni murna. Baiti na farko lafiya. Na nufi wurin uwar amarya, ban yi taku goma ba sauti ya fara tsinkewa, kalma ta fita, kalma ta ɓace. Wata mata ta gitta tsakanina da akwatin, ya ɗauke ɗif. Na dawo baya, ya dawo da wani shuuu kamar ana soya wake. Na sake matsawa, daidai ina kiran sunan mahaifin amarya, sai lasifika ta kwarma ihun da ya sa yara toshe kunne, wata tsohuwa ta miƙe tana salati. Bakina yana motsi, babu abin da ke fita. Uwar amarya ta riga ta ciro kuɗi, ta tsaya da su a hannu tana kallona. Sai da mai sono ya ruga ya jawo tsohon mai waya, na ƙarasa waƙa a tsaye jikin fiyano kamar an kafa ni. Wadda ta gayyace ni ta ce, “Haba ɗan nan, da ka faɗa mana ba ka shirya ba.” Ni da na sayi kayan jika 135 saboda bikinta.

Daren nan na kira, waya a kashe. Ko kuwa Lahadi da safe ne ya rufe ni a WhatsApp, na manta, hotunan za su nuna. Litinin na koma butik ɗin. Mai butik ya ce bai san shi ba, ya dai roƙi ya ajiye kwali na awa ɗaya, ya sayi katin waya. Ban zargi mai butik ba, don na ga yadda jikinsa ya yi sanyi.

Mai sonon da muke aiki tare shi ya zauna ya nuna mini abin da aka yi mini. Mikron BLX na gaske pil biyu yake ci, ƙananan nan AA, kuma suna kai shi har awa 14. Nawa pil guda ne mai kusurwa huɗu, 9V. Akwatin karɓar sautinsa na gaske, BLX4, eriyarsa a ciki take, ba ƙaho a waje, kuma yana da maɓallan canza rukuni da tasha, har da wanda ke nemo tashar da babu cunkoso da kansa. Nawa lambar da ke haske a gaba zane ce kawai, ka danna duk abin da za ka danna ba ta motsi. Na gaske a zangon rediyo da ake kira UHF yake aiki, yana kai kusan mita 100 in babu abin da ya tare, kuma akwai alamar zango a jikin mikro da jikin akwati, dole su zama iri ɗaya. Nawa babu alama ko ɗaya. Ya ce irin masu tasha guda ne da ake sayarwa don wasan yara da ƙananan taro, aka buga masa sunan da ba nasa ba. Ya ce ko jika 15 ba zai saye shi ba. Jika 15. Ni na biya 135.

Na kai ƙara kwamisariya, na ba su lambar da resin. Shi ya sa ban sa lambarsa a nan ba tukuna, an ce in dakata. Amma hotunan hirarmu, da tallar, da muryar da ya turo yana rantsuwa da Allah, duk suna nan, zan ɗora su da zarar an ba ni dama, kowa ya ji da kunnensa. Kuma ya ce guda uku ne. Ina sauran biyun suka tafi? In kai ne ka saya, ko ɗan'uwanka, ka neme ni ta akwatin saƙo mu haɗu mu je tare.

Ku dai, wanda kuka gwada shi za ku ɗauka, kada ya bar hannunku ko da salla za a yi. Ku buɗe wurin pil. Ku je da mai sono. Kada ku tura kafin alƙalami.

Kwalin yana nan ɗakina, duk mai son ganin yadda na jabun yake ya zo ya gani kafin Alhamis mai zuwa, don na tabbata mutumin nan bai bar sana'ar ba. Ni kuma ina da biki Asabar a Mirya, da mai waya zan je, kuma duk abin da aka liƙa mini na Yaya ne har jika 45 ɗinta su cika.