Yaya, kada a yi wasa da hannun Kawu

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ku, ina gaida Inna da yara. Na saurari saƙonku ina bakin aiki, inda kuka ce hannun Kawu ya soma kumbura, kuma in an zare allurar wankin ƙoda jini yakan daɗe bai tsaya ba. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba. Shekara huɗu ke nan ina taimaka wa masu jinya a sashen wankin ƙoda a nan Liyon ta Faransa, na san abin da alamun nan ke nufi.

Aikin da aka yi masa a wuyan hannu shi ake kira fistul. Ku faɗa wa Inna ba ruwansa da yoyon fitsarin da ake yi wa mata aiki a Danja, suna ne kawai ya zo ɗaya. Jijiya biyu aka haɗa, mai kawo jini daga zuciya da mai mayar da shi, don ta biyun ta yi ƙwari ta jure sukar allura sau uku a mako. Wasu likitocin Amurka, Brescia da Cimino, suka fito da dabarar a 1966, har gobe kuma ita aka fi amincewa da ita. Matsalarta, jijiyar kan tsuke a hankali, kamar tiyon ban-ruwa da aka taka a lambunan Jiratawa. In aka ƙyale, sai jini ya daskare a ciki, hanyar ta mutu.

A nan ba a jira ta mutu. Kafin a soka allura sai ma'aikaciya ta ɗora yatsu ta ji motsin jini. Makon jiya wani dattijo ya zo, aka ji motsin ya yi rauni, injin wankin kuma sai kuka yake. Aka duba jijiyar da eko, wato na'urar da ke nuna hoton cikin jiki, aka ga inda ta tsuke. Washegari aka yi masa allurar kashe zafi a hannun kaɗai, aka zura wata siririyar roba mai ɗan balan-balan a kai, aka hura a daidai wurin, jijiya ta buɗe. Da yamma ya tafi gida da ɗan filasta, ranar wankinsa kuma a hannun nan aka soka allura. In balan-balan bai yi ba, likitan jijiya yakan yanka ya sake haɗawa can sama kaɗan. In jijiyoyin sun gaji gaba ɗaya, sai a dasa jijiyar roba. Inshorar lafiya ta gwamnatin Faransa ce ke biyan duka, har motar da ke kawo shi.

Da na ga haka sai na tuna wahalar da muka sha kafin a yi wa Kawu tasa fistul ɗin: tafiyar Yamai ta sama da kilomita 600, da shanun nan biyu da suka tafi kasuwa. In wannan ta mutu, roba za a sa masa a wuya, ita kuwa ƙofar ƙwayoyin cuta ce zuwa cikin jini, balle da zafi da ƙurar Maraɗi. Amma dattijon nan na Liyon, Yaya, tun da na san shi ban taɓa ganin wani nasa ya rako shi ba. Kawu kuwa bai taɓa zaman awa huɗun nan na wanki shi kaɗai ba, kuma masu zama da shi ɗin su nake roƙo.

Kullum da asuba wani ya ɗora yatsu uku a kan wurin. Za a ji wata 'yar rawa a ƙarƙashin fata, kamar inji na aiki daga nesa. In ta ragu a faɗa wa likita, in ta ɗauke a tafi asibiti a ranar, domin jinin da ya daskare da wuri ake iya fitar da shi. Kada a auna masa hawan jini ko a ɗebi jini a hannun, kada ya ɗaura agogo, kada ya yi matashi da shi. Gudawa da amai ma kan sauke ƙarfin jini har hanyar ta toshe.

Ku roƙi likitansa ya rubuta a yi eko ɗin jijiyar cikin makon nan. In sai an tsallaka Katsina ko Kano, a tsallaka, kuɗin hanya na turo. Ku ɗauko mini hoton hannun a cikin haske, daga wuyan hannu har kafaɗa, zan nuna wa likitanmu ranar Litinin. Allah Ya ba Kawu lafiya.

Ƙanwarku.