Girafait ko fularin: wanne ya fi saurin zama daimon?

Malam, ka yi tambaya a zaure cewa tunda girafait da fularin duk kabon ne zalla, kuma an ce kowanne yana iya rikiɗewa ya zama daimon idan aka matse shi, to ina bambancinsu, kuma me ya hana masana'antu aiki da fularin? Sai mu jera su gefe da gefe.

Girafait, baƙin abin nan da ke cikin fensir, shimfiɗu ne na atam ɗin kabon, wata kan wata. Kowace shimfiɗa tana da ƙarfi, amma riƙon da ke tsakaninsu sakwa-sakwa ne. Fularin kuwa, musamman C60, keji ne rufaffe mai atam 60, siffarsa irin ta ƙwallon ƙafa: fuskoki 12 masu kusurwa biyar, 20 masu kusurwa shida. Kroto da Curl da Smalley ne suka gano shi a Jami'ar Rice ta Amurka a 1985, suka sami kyautar Nobel a 1996. A cikin hodar C60, kejunan ba su manne da juna ba, kowanne yana ta juyawa a gurbinsa.

Hanyar girafait gajera ce amma tana da taurin kai. Tun 1954 kamfanin General Electric ya mayar da shi daimon, kuma har yau tsarin kusan ɗaya ne: matsi na GPa 5 zuwa 6 (GPa ɗaya ya kai kusan ninki 10,000 na matsin iskar da muke ciki), zafi wajen digiri 1,400, da narkakken ƙarfe kamar nikel ko kobalt da zai sauƙaƙa aikin. In babu ƙarfen, sai an haura GPa 12 da zafi sama da digiri 2,000. In kuma ka matse shi ba zafi, yakan sauya kama ya yi tauri, amma da ka sake shi sai ya koma girafait ɗinsa.

Fularin ba haka yake ba, kuma nan ne abin yake da daɗin bibiya. Yana da zango-zango kafin ya kai daimon. Da matsi kaɗan, GPa 1 zuwa 2, da zafi na 'yan ɗaruruwan digiri, kejunan sukan daina juyawa su kama juna, su zama dogayen sarƙoƙi. A ƙara matsi da zafi, sarƙoƙin su haɗu su zama shimfiɗu, wasu masu tsarin murabba'i, wasu kowane keji ya riƙe maƙwabta shida. Waɗannan ba sa warwarewa don an cire matsi, amma in aka ɗumama su ba tare da matsi ba sai su sake rabuwa, kejunan su dawo lafiya lau. Idan aka wuce GPa 10, haɗin yakan bi ta kowace fuska, abin ya yi tauri ƙwarai. Zafi kuma in ya yi yawa alhali matsi bai kai ba, kejin ya rushe, a sami wani abu mai kama da girafait. Dalili shi ne lanƙwasar kejin: atam ɗin a takure suke, don haka a shirye suke su ƙulla sabon riƙo.

Yadda aka matse ma yana da tasiri. A 1992 masu bincike a Grenoble ta Faransa sun ba da rahoton murƙushe C60 ya zama daimon ba tare da zafi ba, a wajen GPa 20, amma fa da matsin da bai zo daidai ta kowane gefe ba. A 2021 kuma masana a Jami'ar Yanshan ta ƙasar Sin suka fitar da wani kabon mai kama da gilashi daga C60, a GPa 25 da zafi digiri 1,200, wanda suka ce yana karce daimon. Tun shekarun 1990 wasu masana a Rasha suke cewa sun sami fularin da ya fi daimon tauri. Ni dai ina ɗaukar irin wannan magana da taka-tsantsan, domin ma'aunin taurin kansa da tsinin daimon ake yin sa, kuma an daɗe ana gardama a kan sakamakon.

To, batun masana'anta. A nan girafait ya yi wa fularin fintinkau. Yana da araha, ana haƙo shi da yawa, kuma injinan lardin Henan na Sin, inda ake yin kaso mai tsoka na daimon ɗin masana'antu, a kan GPa 5 zuwa 6 aka gina su. C60 sai an ƙera shi, an tace shi, ga tsada, kuma abin da ake samu a GPa 25 bai wuce 'yan milimita ba.