Digiri na Biyu a Ilimin Manya da Raya Al'umma: Abin da Shirin Ke Bayarwa da Inda Ya Gaza

A cikin kwasa-kwasan da tsangayoyin ilimi na jami'o'inmu ke bayarwa a matakin digiri na biyu, da wuya a sami wanda jama'a suka yi wa gurguwar fahimta kamar ilimin manya da raya al'umma. Wasu sun ɗauke shi mafakar wanda ya nemi gurbi a wani sashe bai samu ba, wasu kuma suna zaton iyakarsa koya wa tsofaffi baƙaƙe da wasula. Na yi wannan karatu a wata jami'ar gwamnatin tarayya da ke Arewa, a tsarin ma'aikata wanda ake shiga aji a ƙarshen mako, kuma ra'ayina a kansa shi ne cewa yana da amfani ƙwarai ga wanda ya riga ya san aiki da jama'a, amma har yanzu bai rungumi ƙasar da yake tsaye a kanta ba yadda ya kamata.

Sharuɗɗan shiga ba su bambanta da na sauran kwasa-kwasan tsangayar ba. Ana neman digiri na farko mai daraja ta biyu, da takardar shaidar yi wa ƙasa hidima, da sakamakon karatu wanda tsohuwar jami'ar mutum za ta aiko, kuma wanda bai karanta fannin ilimi ba a digirinsa na farko yakan bi ta diflomar gaba da digiri tukuna. Ana yin zango biyu na darussa a aji, sannan a shiga rubuta kundin bincike. Fannin yana da sassa na musamman a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ko da yake sunan sashen yakan ɗan bambanta daga wannan jami'a zuwa waccan, kuma tushensa a Nijeriya yana komawa ne Ibadan, inda aka buɗe sashen karatun wajen harabar jami'a tun 1949.

Abin da ya fara burge ni shi ne mutanen da ke cikin ajin. Akwai ma'aikatan hukumomin ilimin manya na jihohi, da malaman gona, da jami'an lafiya na matakin farko, da masu aiki da ƙungiyoyin agaji, da malamai mata da suka daɗe suna koyar da matan aure a makarantun Islamiyya na yamma. Idan aka kawo batun dalilin da ke sa ɗalibai manya su daina zuwa aji, ba sai an buɗe littafi ba, domin malamin gona zai gaya maka cewa da zarar ruwa ya sauka aji ya watse sai bayan girbi, malamar Islamiyya kuma ta bayyana yadda haihuwa da biki da rashin yardar miji ke cire mace daga aji ba tare da ta yi niyyar bari ba. Malaman da suka iya aikinsu suna barin wannan tattaunawa ta yi nisa, kuma a nan ne na fi ƙaruwa.

Darasin da ya fi kowane ƙarfi shi ne na yadda babban mutum yake koyo. A nan ake nazarin ra'ayin Malcolm Knowles na Amurka, wanda ya nuna cewa babba yana zuwa aji da tarin abin da ya gani a rayuwa, yana son sanin dalilin koyon abu kafin ya koye shi, kuma yana neman ilimin da zai warware masa matsalar yau, ba wanda zai ajiye don wata rana ba. A nan kuma ake karanta aikin Paulo Freire na Brazil, wanda a 1963 ya jagoranci koyar da ma'aikatan gona kusan 300 karatu da rubutu a garin Angicos cikin kwana 45, ta hanyar zaɓo kalmomin da mutanen suke amfani da su kullum a gona da gida, a gina darasi a kansu, a kuma tattauna halin rayuwar da kalmomin ke nunawa. Ana kawo misalin Tanzaniya, inda Julius Nyerere ya ayyana 1970 a matsayin shekarar ilimin manya, ana kuma bin tarihin manyan tarukan UNESCO kan fannin, daga na farko da aka yi a Denmark a 1949 har zuwa na Marrakesh a Maroko a 2022. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban magidanta masu furfura yana koyar da su kamar yara 'yan aji ɗaya, zai ga amfanin wannan darasi tun daga makon farko.

Sai dai a wannan darasi ne kuma aibin shirin na farko ya fito fili. Wasu malaman sukan zo su karanta mana bayanin cewa babba ba ya son a yi masa shifta, alhali su kansu shiftar suke yi mana daga tsohuwar takarda, kuma a jarrabawa abin da ke cikin takardar suke son a mayar musu kalma da kalma. Koyar da hanyar shigar da ɗalibi cikin darasi ta wannan salo kamar koya wa mutum iyo ne a kan tabarma. Ba dukansu ne haka ba, amma waɗanda suke haka sun isa su rage wa shirin armashi.

Aikin fita cikin jama'a shi ne ya rama wannan gibi, kuma shi ne ya cancanci kuɗin da mutum ya biya. Ana tura ɗalibi wata cibiyar koyon karatu ya zauna, ya lura, ya koyar, ya rubuta rahoto. Cibiyar da na je tana cikin wata firamare ce wadda mata ke amfani da ita bayan la'asar idan yara sun tashi, suna zaune a kan bencin da aka yi wa 'yan shekara bakwai, wasu da goyo, wasu da ƙullin gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da za su wuce da shi wurin sayarwa. Da aka tambaye su abin da ya kawo su, babu wadda ta ce tana neman takardar shaida. Wata tana son ta riƙa karanta saƙon kuɗi da ke shigowa wayarta ba tare da ta miƙa wa ɗan maƙwabta ba, wata tana son ta gane ranar da aka rubuta mata a katin awo, wata tela kuma tana son ta riƙa rubuta awon masu kawo ɗinki, domin ta gaji da riƙe shi a ka. Littafin koyarwar da ke hannun malamarsu kuwa bai taɓo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ranar da malamar ta ajiye shi, ta ce kowace ta fito da wayarta, aka rubuta lambobi da kalmomin saƙon banki a allo, ajin ya wuce lokacin tashi ba wadda ta motsa. Ita malamar, wadda alawus ɗinta ba ya zuwa a kan kari, ta yi abin da Freire ya yi ba tare da ta taɓa jin sunansa ba.

Babban ƙorafina a kan shirin shi ne ƙarancin tarihinmu a cikinsa. Arewacin Nijeriya ba baƙo ba ne a wannan fage. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da jahilci, da hedikwatarsa a Zariya, inda Malam Ahmadu Coomassie ya yi fice wajen jagorantar aikin, aka kuma kafa hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, domin wadata sababbin masu karatu da abin karantawa. Hukumar ta fitar da ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya, saboda masu shirin sun gane cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, karatun zai gudu ya bar shi. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda ita ce irinta ta farko a ƙasar, har ta sami lambar yabo ta UNESCO, shekara goma kafin gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ƙasa ta wannan aiki a 1990. Duk wannan an taƙaita mana shi a lacca guda, alhali ya isa ya zama darasi mai zaman kansa, a binciki yadda aka tsara azuzuwan, da yadda aka biya malamai, da dalilin da ya sa ƙarfin aikin ya ragu daga baya. Babu kuma darasin da ke koya wa ɗalibi rubuta littafin koyarwa da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri, ko da yake da waɗannan harsuna ake koyarwa a cibiyoyin da za mu je mu yi aiki.

Batun ajami ya fi wannan ciwo. Ma'anar da UNESCO ta daɗe tana amfani da ita ita ce, mai karatu shi ne wanda zai iya karanta gajeren bayani kan rayuwarsa ta yau da kullum, ya rubuta shi, ya kuma fahimce shi, kuma ba ta ƙayyade irin haruffan ba. Amma takardun tambayoyin da ɗalibai ke fita da su sukan jefa dattijon da ke rubuta bashin shagonsa da ajami, yana kuma karanta waƙoƙin wa'azi da shi, cikin jerin waɗanda ba su iya karatu ba, don kawai bai yi boko ba. Wannan kuskure ne na ilimi kafin ya zama rashin adalci, domin mutumin da ya riga ya san cewa harafi yana wakiltar sauti ba a fara masa daga inda ake fara wa wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Sashen da ke zaune a tsakiyar tsangayu da makarantun zaure ya kamata a ce shi ne kan gaba wajen nazarin wannan.

Matakin kundin bincike shi ne inda haƙurin ɗalibi yake shan gwaji. Malami ɗaya yakan riƙe ɗalibai da yawa, ga darussan masu digiri na farko, ga ayyukan ofis, saboda haka babi guda yakan yi makonni a kan tebur. Wanda ya duba nawa mutum ne mai tsanani da gaskiya, ya karanta kowane shafi da jan biro, kuma na gode masa. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yadda kusan kowa ake tura shi ga hanya guda, wato takardar tambayoyi da Turanci mai zaɓi huɗu, daga amincewa ƙwarai zuwa ƙin amincewa ƙwarai, wadda za a kai wa mutanen da ba su karanta Turanci, mai bincike ya riƙa fassara musu da baki yana cikewa da hannunsa. Hira mai zurfi da zama a cibiya na tsawon lokaci sun fi dacewa da wannan fanni, amma wanda ya zaɓe su sai ya shirya kare kansa sosai a gaban masu jarrabawa. Ɗakin karatun sashen yana da tsofaffin kundaye masu amfani, sababbin littattafai kuwa sai dai mutum ya nemo a intanet da datarsa.

Game da kuɗi, wanda ake biya wa makaranta ba shi ne ke gajiyar da mutum ba, sai na mota kowane mako, da na buga takardu sau da yawa bayan kowane gyara, da na zirga-zirgar tattara bayanai. Lokacin kammalawa ma yakan zarce wanda aka rubuta a takardar shiga, musamman idan yajin aiki ya gitta, kamar na 2022 da ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas.

Ma'aikacin hukumar ilimin manya, ko malamin kwalejin ilimi, ko mai aiki da ƙungiyar da ke koyar da sana'o'i ko kula da waɗanda rikici ya raba da gidajensu, zai amfana da wannan digiri a aikinsa da kuma ƙarin girmansa, kuma ina ba shi shawarar ya nema. Wanda ya gama hidimar ƙasa yana neman takardar da za ta buɗe masa ƙofar aiki nan take, gara ya fara yin shekara guda yana koyarwa a wata cibiya kafin ya sayi fom. Wanda kuma ya sami gurbi, ya zaɓi cibiyar da zai yi bincike a kanta tun zangon farko, ya riƙa zuwa yana ajiye bayanai, ya kuma tambayi waɗanda suka riga shi yawan ɗaliban da ke hannun kowane malami kafin a raba masu duba kundi.