Inhela ko Nebulaiza: Wanne Mai Ciwon Asma Zai Saya?

Duk sa'ad da hunturu ya shigo Sakkwato da ƙurarsa, iyaye da dama kan tambaye ni wanne ya fi dacewa su ajiye a gida, inhela, wato ɗan gwangwanin maganin asma cikin roba da ake fesawa a baki a shaƙa, ko na'urar nebulaiza.

Inhela ta fi sauƙin kuɗi, tana shiga aljihu, kuma ba ta buƙatar wutar lantarki. Irin ta Ventolin kan ɗauki feshi 200. Idan ta daina fesawa, sau da yawa maganin ne ya bushe ya toshe ƙofar, sai a cire gwangwanin, a wanke robar da ruwan ɗumi, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. Babban maƙiyinta a nan shi ne zafi, domin a watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma ina takaicin yadda ake barin ta cikin mota a rana.

Nebulaiza tana mayar da maganin ruwa ya zama tururi cikin minti 10 zuwa 15, amma tana da tsada da ɗawainiya. Dole a wanke kofinta bayan kowane amfani saboda ƙwayoyin cuta, matatar iskarta kuma ƙura ke saurin cika ta. Idan aka ɗauke wuta cikin dare, wadda ba ta da batir ba za ta amfana komai ba.

Inhela ta dace da ɗalibi, ɗan kasuwa da matafiyi. Nebulaiza kuwa ta fi dacewa da tsoho ko maras lafiyar da ya kasa sarrafa inhela, muddin likita ne ya rubuta ta.