Akwatin faiba da na saya wa ɗalibaina: kunne gare shi, amma fanka yake ji

Wata uku ke nan da kayan suka iso daga wani shagon intanet a Shenzhen: leza mai nanomita 1550, marabar haske biyu, na'urar karanta haske, da zaren faiba, wato siririn zaren gilashi da haske ke bi ta cikinsa, kilomita ɗaya a naɗe kamar na tela.

Gwajin DAMNED na cibiyar nazarin taurari ta Faris ne ya sa mini kwaɗayi. Sun raba hasken leza hannu biyu, kashi ɗaya ya bi zaren da ya haura kilomita 50 kafin su sake haɗuwa. Farautar ɓoyayyen abin nan da ake kira “dark matter” suke, wanda masanin taurari Fritz Zwicky ya fara zargin akwai shi tun 1933, wanda kuma ya kai kusan kashi 85 cikin 100 na duk abin da ke da nauyi a sararin samaniya. In har ƙwayoyinsa ba su da nauyin kirki, zai riƙa kaɗawa kamar igiyar ruwa, gilashin zaren ya ɗan miƙe ya ɗan tsuke, a gane hakan a wurin haɗuwar hasken. A sakamakonsu na 2021 ba su kama shi ba, sun dai rage masa maɓoya.

To ni ma na ɗaura kilomitata a hannu ɗaya, na zuba wa allon na'ura ido. Shiru kake ji. Kwana biyu ina zargin kaina, ashe lezar ce: haskenta ba ya riƙe tsarinsa zuwa wannan nisa, mai shagon kuwa bai ce uffan a kan haka ba. Ga shi ya haɗo mini kawunan jona zare shuɗi da kore, alhali ba a aura su, sai da na sayi wasu wayoyin.

Da na ajiye naɗin na daidaita hannuwan da gajerun wayoyi, sai aiki ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Wata ɗaliba ta kusanto da tafinta, ko taɓa zaren ba ta yi ba, layin allo ya fara tafiya saboda ɗumin hannunta kawai. Fanka, takun mai shara a baranda, janareton maƙwabta, duk yana kwashewa. A nan yara suka gane me ya sa masu wannan farauta suke shan wahalar killace zarensu, abin da na yi shekaru ina zanawa da alli bai shiga ba.

Malamin da ke son nuna haɗuwar haske ya saya, amma ya ce a cire naɗin kilomitar a rage masa kuɗi. Nawa yana saman kabad, ƙurar hunturu ta riga ta rufe shi.