Kashi 8 ko kashi 26: wane shirin almarar kimiyya ya dace da kai?

Kafin ka biya kuɗin wata a Netflix ko Prime Video ko Disney+ saboda wani shirin almarar kimiyya da ake ta zuzutawa, akwai lambar da ya kamata ka duba tun kafin sunan jarumi: kashi nawa ne a kowane zango. Lambar tana maƙale a gefen allo, ba kowa ke kula ta ba, amma ita ke nuna irin labarin da za a ba ka da yadda za a ba ka shi. Shirin da aka gina a kan kashi 26 da wanda aka gina a kan kashi 8 ba kaya ɗaya ba ne, ko da dukansu kumbo ne da baƙin halittu a ciki.

Mu fara da dogon zango, don shi ne asali. Star Trek: The Next Generation ya gudana daga 1987 zuwa 1994, zango 7, kashi 178, yawancin zangunan kashi 26 ne. Deep Space Nine da ya biyo bayansa a 1993 ya yi kashi 176. The X-Files ya buɗe da kashi 24 a zangonsa na farko. Ba son ran marubuta ne ya kawo wannan tsayi ba. Gidajen talabijin na Amurka suna bukatar abin da zai cika musu makonni daga Satumba zuwa Mayu, kamfanoni kuma suna harin kashi 100 ko kusa da haka, domin a lokacin ne ake iya sayar wa wasu tashoshi su riƙa maimaitawa kullum. To, kuɗin da aka raba wa kashi 26 dole ya yi siriri. Sai marubuta suka koyi yin kashi guda a ɗaki ɗaya da mutum biyu, babu fashewa, babu yaƙi. Daga wannan ƙarancin aka samu wasu daga cikin mafi kyawun abin da wannan fanni ya taɓa fitarwa. "Duet" na Deep Space Nine kusan hira ce kawai tsakanin wata jami'a da fursunan da take zargi da hannu a kisan mutanenta. "The Inner Light" na The Next Generation, na 1992, ya ɗauke kyaftin ɗin kumbon daga aikinsa ya sa shi ya yi rayuwar wani magidanci har tsufa, kuma ya ci kyautar Hugo da ake ba ayyukan almarar kimiyya. Zangon da ke da kashi 8 kacal ba zai yarda ya ba da ɗaya ga irin wannan ba, domin labarin bai matsar da babban zaren gaba ko taku ɗaya ba. Amma shi ne ke sa ka san mutumin har ka ji kamar kun zauna tare.

Dogon zango yana da nasa haraji. A cikin 26 za ka ci karo da waɗanda aka yi don cike gurbi, kuma suna da yawa. Zangon farko na The Next Generation ma masoyansa sun yarda cewa yana ɗingishi. Sannan ga lokaci: kashi 178 masu kusan minti 45 sun haura awa 130. Idan kai mai kallon kashi ɗaya ne kafin barci, kana son labari ya buɗe ya rufe a zama guda, wannan ne naka, kuma kuɗinka zai daɗe yana yi maka aiki. Idan kana son a ja ka da gudu, za ka ƙosa.

Gajeren zango, mai kashi 8 zuwa 10, ɗan zamanin kallo ta intanet ne. Babu jadawalin tasha da za a cika, kuɗin kuma ana zuba shi a ƙirar duniyoyi da aikin kwamfuta, zangon duka ya zama labari guda. Idan aka iya shi, babu kamarsa. Dark, shirin Jamus da Netflix ta fitar daga 2017 zuwa 2020, zango 3 ne, kashi 26 gaba ɗaya, wato daidai tsawon zango ɗaya na tsohon salo. Labarin tafiya tsakanin zamuna ne da ya sarƙe iyalai huɗu na wani ƙaramin gari, kuma kusan duk abin da aka nuna maka a farko yana da inda zai faɗa a ƙarshe. Sai dai ba a kallonsa ana latsa waya. Ka kau da ido na minti biyar, ka rasa wane ne uban wane.

Matsalar gajeren zango iri biyu ce, kuma suna hannun riga da juna. Wani lokaci labarin na fim ne mai awa biyu, aka ja shi kamar danƙo har ya kai awa takwas, sai ka ga tsakiyar zangon ana ta kewaya wuri ɗaya ana ɓoye maka amsar da jaruman suka riga suka sani. Wani lokaci kuma labarin ya fi ƙarfin mazubin, sai a yi ta tsere, mutum ya mutu a kashi na shida ba ka ma gama riƙe sunansa ba balle ka ji zafin rashinsa. Kuma kada lambar ita kaɗai ta ruɗe ka. Zango na huɗu na Stranger Things kashi 9 ne, amma na ƙarshensa ya wuce awa biyu. Ka duba mintoci, ba yawan kashi kawai ba.

Akwai misalin da ya fi kowanne fito da bambancin nan fili, don labari ɗaya ne aka yi sau biyu. Littattafan marubucin Sin Liu Cixin guda uku, waɗanda suka fara da The Three-Body Problem, kamfanin Tencent ya mayar da na farkonsu shiri a 2023 mai kashi 30. A 2024 Netflix ta fitar da nata mai kashi 8, ta kwaso abubuwa daga dukan littattafan uku, ta kuma mayar da yawancin jaruman Ingila. Na Tencent yana bin littafin sau da ƙafa. Yana ba ka lokaci ka ji fargabar masanin kimiyyar da ke ganin lambobi suna raguwa a gaban idonsa, ya bar hujjojin kimiyyar su zauna maka a kai, amma akwai wuraren da za ka ce da an rage. Na Netflix yana da kuzari, ya fi sauƙin shiga ga wanda bai san komai a kan labarin ba, sai dai asirin da ya kamata ya daɗe yana cin ranka ana warware shi da wuri. Mai son tunani da zurfi ya nemi na farko. Mai son ya ga inda aka dosa cikin ƙarshen mako guda ya ɗauki na biyu. Ni dai na fi jin nauyin labarin a mai tsawon, duk da jan ƙafarsa.

Inda nake ganin ciniki ya fi faɗawa shi ne tsakiya, kashi 10 zuwa 13. The Expanse ya nuna haka da jikinsa. Ya fara a tashar Syfy a 2015, zangunansa na biyu da na uku kashi 13 kowanne, kuma a nan siyasar Duniya da Mars da mazauna duwatsun sararin samaniya ta samu filin numfashi. Da Syfy ta ajiye shi a 2018 Amazon ta ɗauka, aka yi zango biyu masu kashi 10, na ƙarshe kuma kashi 6 kacal. Yana da kyau har ƙarshe, amma ana jin matsi a na shidan. Andor kuwa dabara ya zo da ita: kashi 12 a zango, an yanka su yawanci uku-uku, kowane uku da farkonsa da ƙarshensa. A zango na biyu, na 2025, kowane rukuni yana tsallake shekara guda. Ka samu gamsuwar labari mai rufewa, ka kuma samu babban zare mai tafiya. Star Trek: Strange New Worlds ya bi wata hanyar, kashi 10 a zango amma kowanne da nasa labarin kamar na da.

Sai batun jira, wanda tallan ba ya faɗa maka. Tsofaffin shirye-shiryen nan kowace shekara suke dawowa. Severance ya fito da kashi 9 a 2022, zango na biyu bai zo ba sai 2025. Andor ma haka. Aikin hoto mai nauyi yana cin lokaci, yajin aikin marubutan Hollywood na 2023 kuma ya ɗauki kwana 148, kuma cikin abin da suka yi kuka a kai har da ƙanƙantar tawagar marubuta da gajeren zango ya haifar. Labari mai sarƙaƙiya da aka bar ka da shi shekara uku, kafin ya dawo ka manta rabinsa.

Abin da ya fi jira ciwo shi ne a yanke shirin. Shirin 1899, na mutanen da suka yi Dark, ya fito da kashi 8 a Nuwamban 2022, aka soke shi a Janairun 2023, alhali masu shi sun so su kai zango uku. The OA ya tsaya a zango na biyu a 2019. Duk shirin da aka ɗora kan asiri guda, idan aka sare shi, mai kallo ya tashi da tambaya babu amsa. Kwatanta da Firefly, wanda aka soke a 2002 da kashi 14 kacal: har yau ana kallonsa da daɗi, domin yawancin kashinsa suna rufe kansu. Saboda haka idan ba ka son a bar ka a tsakiyar kogi, ka nemi wanda aka tsara shi zango ɗaya tun farko, irin Devs na 2020 mai kashi 8 ko Station Eleven mai kashi 10, ko kuma Black Mirror, inda kowane kashi labari ne mai zaman kansa.

Ta fuskar aljihu, ka duba yadda ake sakin shirin. Netflix kan zubo zango a lokaci guda, Apple da Disney+ kuma sun fi yin mako-mako. Zango mai kashi 10 da ake saki mako-mako zai sa ka biya wata uku idan ka bi shi tun daga farko. Idan ka daure har ya kammala, wata ɗaya ya ishe ka, muddin za ka iya toshe kunne daga masu ba da labari. Ka kuma tabbatar shirin yana kan manhajar a ƙasar da kake, don abin da ake nunawa yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Idan tsohon salon ka zaɓa, kana da 'yancin tsallake. Kana iya shiga The Next Generation daga zango na uku, inda ya samu ƙafarsa, ka koma baya daga baya idan ka so. Dark ba ya ba da wannan dama. Daga kashi na ɗaya za ka fara, kuma zai taimake ka ka ajiye takarda da biro kusa don rubuta sunayen iyalan nan huɗu.